Kuɗin gyaran hanya a sabuwar unguwa: mai kango da mai ben, kuɗinsu ɗaya?

Ummu_Halifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, don abin ya tsaya min a rai. Marigayi maigidana ya bar mana fili a wata sabuwar unguwa da aka yanka a bayan gari. Idan ka bar Garwa, nan Kamaru, ta hanyar Pitowa, ka saki kwalta, sai ka yi wajen kilomita 2 a ciki. Ban yi gini ba, katanga kawai na ɗaga zuwa ƙugu, haya nake a cikin gari da yara huɗu. Bara mutanen unguwar suka kafa kwamiti, suka sa sefa 15,000 a kan kowane fili don gyaran hanya. Na biya, ko takarda ba a ba ni ba. An zuba jar ƙasa a watan Mayu, kafin Agusta ya fita ruwa ya kwashe ta. Bana sun dawo da 20,000, kuma sun ɗaure igiya a bakin hanya, wai wanda bai biya ba ba za a shigar masa da yashi ko siminti ba. A unguwar akwai mai ben uku, wato tifofi, da ke ɗebo yashi daga Binuwai, kullum ta nan suke bi, shi ma 20,000 ɗin zai biya, daidai da ni da ko keke ba ni da shi. Dole ne in biya? Kuma suna da ikon tare ni daga filina?

Dan_Yelwa:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan maigida. Ni dai shawarata ki daure ki biya. Filin da hanya ta kai masa da wanda sai an naɗe wando kafin a isa, ba kuɗinsu ɗaya ba ranar sayarwa. Ko ba kya bin hanyar yau, amfaninta na shiga filin yaranki.

Goggo_MaiKosai:
@Dan_Yelwa ɗana, ka karanta da kyau kuwa? Ta biya bara. Ina kuɗin? Ina rasit? Mace mai marayu huɗu a ce ta sake ƙirga dubu ashirin ta miƙa wa mutanen da ba su yi mata bayanin na farko ba? Su fara kawo lissafi tukuna.

Dalibin_Shari'a_Ngaundere:
Goggo ta yi gaskiya ta wannan gefen. Bari in ƙara abin da doka ta ce. Hanyar da jama'a ke bi ba mallakar kwamiti ba ce, babu wanda ya ba su ikon ɗaure igiya su hana mutum kai kaya filinsa. Kwamitin unguwa ƙungiya ce kawai. Idan sun yi rajista a ofishin firefe, wato babban jami'in gwamnati na yanki, bisa dokar ƙungiyoyi ta Disambar 1990, dokokinsu membobinsu suke ɗaurewa, ba kowa da kowa ba. Idan ba su yi rajista ba, to ko asusun banki da sunan ƙungiya ba za su iya buɗewa ba. Haraji gwamnati da kwamin (ƙaramar hukuma) ne kaɗai ke sawa. Tun 2017 aka sake rarraba hanyoyin ƙasar nan zuwa na ƙasa, na jiha da na kwamin, kuma dokar ƙananan hukumomi ta Disambar 2019 ta bar kula da hanyoyin kwamin a hannun magajin gari. Inda gizo ke saƙa shi ne, yawancin waɗannan unguwanni na bayan gari ba awon hukuma ba ne. Mai gona ne ya kira mai awo ya yanka, jauro, wato mai unguwa, ya sa hannu, aka sayar. Hanyar da ba ta cikin taswirar kwamin, da wuya a ware mata ko sisi. Yaya Ummu_Halifa, filin yana da titir fonsiye, wato takardar mallaka ta gwamnati, ko takardar jauro ce kawai?

Ummu_Halifa:
Takardar jauro ce da shaidu, ƙanena. Kusan kowa a wurin haka yake.

Sakataren_Unguwa:
Salamu alaikum. Ina cikin zauren nan, kuma daga bayanin na gane unguwarmu ake nufi, ni ne mai rubuta sunaye. Hajiya, wallahi ba mu da niyyar cutar marayu, kuma zancen rasit ki zo in nuna miki sunanki a littafi, yana nan da ranar da kika biya. Amma ina so jama'a su ji namu gefen. Filayen sun haura 100, waɗanda suka tare ba su kai 40 ba. Sauran suna Garwa, Yawunde, Duwala, wasu har Injamena, sun saya sun ajiye suna jiran fili ya yi tsada. Mu da ke kwana a nan mu ke shan wahalar. A damunar bara waccan naƙuda ta kama matar maƙwabcina da tsakar dare, ruwa ya cika kwarin da ke tsakiyar hanya, babu motar da ta yarda ta shigo. A amalanke muka ɗora ta, maza huɗu suna turawa, taɓo har gwiwa, ɗaya na riƙe da tocilan waya a baki, har muka kai kwalta. Allah ya sa ta sauka lafiya. Washegari aka ce a kafa kwamiti. Mun kai takarda meri, ofishin magajin gari, an karɓa an buga hatimi, har yau muna jira. Kuɗin bara rabin mutane ne suka biya, da shi muka sayi jar ƙasa, muka zuba wa gireda gazuwal, muka sallami direba. Igiyar nan ba don jin daɗi ba ce. Mun gaji da roƙo ne. Mai fili ba ya waiwayar mu sai ranar da zai kawo siminti, to ranar ce kaɗai muke iya kama shi.

Goggo_MaiKosai:
Allah sarki, Allah ya raya abin da aka samu. Amma Malam Sakatare, littafin da ke aljihunka ba rasit ba ne. Ka rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita ka manna a bangon masallaci da ƙofar coci, kowa ya gani. Rabin rigimar ta mutu.

Injiniya_Benuwe:
Na yi shekaru a aikin hanyoyin ƙasa a wannan yanki, bari in faɗi abin da ba za a so ji ba. Ko kowa ya biya 20,000 har da ƙari, idan yadda aka yi bara za a sake yi, Agusta mai zuwa ruwa zai sake kwashewa. Ku lissafa da kanku. Kilomita 1, faɗi mita 6, kauri santimita 15, jar ƙasa mita kubik 900 ke nan. Ben mai ɗaukar kubik 10 sai ta yi sawu 90. Hanyarku kilomita 2 ce, sawu 180 ke nan, ba a zo zancen gireda da motar ruwa da motar daddaɓewa ba. Kuɗinku ba zai kai nan ba, shi ya sa aka barbaɗa ƙasa sama-sama, ruwa ya zo ya wanke.

Ruwa ke kashe hanyar ƙasa, don haka shi ake fara sallama. Tsakiyar hanya ta ɗan yi tudu don ruwa ya gangara gefe. Lambatu hagu da dama, kuma kowane lambatu ya sami inda zai zubar, ba ya tsaya a ƙofar gidan wani ba. Wannan kwarin da Sakatare ya ambata shi ne ciwon, sai an sa masa bis na kankare, wato kwalbati, ko a yi radiye, wato shimfiɗar kankare, ruwa ya bi ta kai. Idan ƙasar wurin baƙar laka ce irin ta karal da ake shuka masakwa, wadda ke tsagewa da rani ta kumbura da damuna, to a wannan gurbin sai an kwashe ta an sa dutse da tsakuwa kafin jar ƙasa. Kuma watan Mayu ba lokacin zuba ƙasa ba ne, lokacin yashe lambatu ne. Ƙasa ana zuba ta ƙarshen damuna, Oktoba zuwa Nuwamba, tana da sauran danshi, ta daddaɓu ta sha rani a kwance. Da ni ne, kuɗin bana gaba ɗaya a kwarin nan zan sa shi, sauran hanyar a bar ta yadda take.

Dan_Yelwa:
Injiniya Allah ya ƙara basira. To ka ga ko a maganarka kuɗi ake buƙata. Shi ya sa na ce a biya.

Mai_Shago_Gidar:
A biya, amma nawa? Tambayar Hajiya ke nan kuma har yanzu ba a amsa ba. Injiniya, tsakanin ben cike da jiƙaƙƙen yashi da mai tafiya a ƙasa, wa ke ɓata hanya?

Injiniya_Benuwe:
Ba a haɗa su ma. Ɓarnar ba daidai da nauyi take ƙaruwa ba, ninkawa take yi sosai. Ben ɗaya da ta bi hanyar ƙasa bayan ruwa ya ɗauke, ta bar kwari biyu na taya, ruwan gaba ya bi kwarin nan ya zama rafi. Babura ɗari ba za su yi wannan ba. Shi ya sa a hanyoyin ƙasa na gwamnati ake da bariyar ruwan sama, a tsayar da manyan motoci har ƙasa ta tsane. Idan akwai abin da ya dace a tsayar a unguwarku, ben ce a ranar ruwa, kuma da izinin magajin gari ko sufirefe, na ƙasa da firefe, ba amalanken simintin marayu ba.

Direban_Ben_Garwa:
Ni direba ne, ba a unguwar nake aiki ba amma kullum mu ake zagi, bari in ce wani abu. Yashin da muke kaiwa na wa ne? Ba na masu ginin ba ne? Ku ke kira, ku ke cewa a sauke a ƙofar gida, ko an yi ruwa ku ce birkila na jira. Idan an sa kuɗi a kan kowane sawu ba mu ƙi ba, amma ku sani a kan kuɗin yashi zai hau. Kuma mu ma hanyar na cin mu. Sifirin ya karye, taya ta fashe, ka kwana a laka kana neman wanda zai ja ka. Ku je wa Alhajin mai ben ukun nan da girmamawa ku ce kuɗinsa ya zama sawun tsakuwa, ina da yaƙinin zai fi masa sauƙi fiye da ku yi ta jifansa da magana.

Mai_Shago_Gidar:
Ya hau kan kuɗin yashin mana, ai daidai ke nan. Mai gini shi ya jawo nauyin, shi zai biya. Mai kango da bai kira ben ba me ya haɗa shi?

Malam_Mai_Allo:
Bismillah. Abu uku zan tunatar. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, don haka masu kwamiti suna kan aikin lada, kada a mayar da su ɓarayi ba da hujja ba. Amma kuma dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa, balle dukiyar maraya. Hajiya, idan filin gado ne na yara, to a yi hattara ƙwarai da abin da za a ɗora masa. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa ɗaukar nauyi yana bin gwargwadon amfani. Wanda ya fi cin moriyar hanya ya fi ɗauka. Wanda ya halarci taro ya yarda da adadi, alkawari ya hau kansa. Wanda ba a kira ba, ba a tambaye shi ba, a je masa da lallashi. Tare hanya kuwa ban san inda aka halatta shi ba.

Baffa_Lagdo:
Malam ya gama magana. Amma ni tambayata, ina wanda ya sayar da filayen? Ya karɓi kuɗin fili sama da ɗari ya tafi. A awon hukuma mai yanka fili shi ke fitar da hanyoyi da magudanan ruwa kafin ya sayar. A namu na bayan gari har hanyar ruwa ake yankawa a sayar. Wajenmu haka aka yi, wani ya gina gida a tsakiyar inda ruwa ke bi tun kakanni, ruwan ya rasa hanya ya koma kan titi. Yanzu kowace shekara muna tara kuɗi muna gyara abin da katangar mutum ɗaya ke ɓatawa, kuma ba mai iya ce masa ya rushe don shi ma da kuɗinsa ya saya. Jauro da ya sa hannu bai ga wannan ba?

Jikan_Jauro:
Baffa, a yi wa sarakuna adalci. Jauro shaida yake yi cewa gonar ta wane ce kuma ya sayar wa wane. Ba shi da na'urar awo. Sau nawa jauro ke cewa a bar hanya mai faɗi, masu saye su ci mita ɗaya kowanne da katanga har ta koma lungu?

Malam_Mai_Allo:
Wannan ma akwai hadisi a kansa, cewa idan aka yi saɓani a kan hanya a sanya faɗinta zira'i bakwai. Wannan a zamanin raƙumi da jaki ke nan. Cin hanya da katanga zalunci ne ga duk mai wucewa.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a a ci gaba, amma kada a ambaci sunan unguwa, ko na jauro, ko na Alhajin. Wanda ya saka suna zan goge.

Dan_Kusseri:
Ni abin da ke ba ni takaici, muna ta cin naman junanmu a kan 20,000, mun manta muna biyan gwamnati. Kowane shingen peyaj, inda ake biyan kuɗin hanya, sefa 500. Akwai Asusun Hanyoyi da ake zuba wa kuɗi daga harajin man fetur. 'Yan kasuwa na biyan impo, wato haraji, a meri. Ina amfanin duk wannan idan sai talaka ya sayi bis da kansa? Duk lokacin da kuka gyara da aljihunku kun sauke wa magajin gari nauyi ne.

Direban_Ben_Garwa:
@Dan_Kusseri gaskiya ne, amma mu faɗi tsakani da Allah, nawa ne a cikinmu ke shan mai a gidan mai? Yawancin baburan arewa zuwa-zuwa, man fasa-ƙwauri, suke sha a kwalba a bakin titi, shi kuwa ba ya biyan harajin hanya.

Dan_Kusseri:
Ko da haka ne, peyaj fa? Impo fa? Ni dai ina nan a kan bakata. Ku tara mutum talatin ku je meri da ƙafarku lokacin da ake shirya kasafin shekara, ku sami kansilan yankinku ya sa hanyar a lissafi. Takarda ɗaya da aka buga wa hatimi aka jefa a durowa ba ta isa ba.

Bakuwa_Daga_Injamena:
Salamu alaikum 'yan uwa na Kamaru. Mu nan mun ga irin wannan. A ambaliyar 2022 da Shari da Logon suka cika, unguwannin Waliya da Tukra suka nutse, mutane suka koma tara kuɗin buhunan ƙasa da man injin jan ruwa. A layinmu da farko kowane gida kuɗi ɗaya aka sa, aka yi ta faɗa har maƙwabta suka daina gaisawa. Daga baya dattawa suka raba: mai mota da mai shago kaso babba, mai gida kaso na tsakiya, gwauruwa da tsoho ba a karɓar musu, wanda ba shi da kuɗi ya fito da shebur. Kuɗin kuma mace aka ba, wata hajiya mai sayar da atamfa, ba ta fitar da ko dala sai mutum biyu sun sa hannu. Ban ce rigima ta ƙare ba, har yanzu akwai masu ƙin biya, amma an daina zargin sata.

Tsohon_Manomin_Auduga:
'Yata ta Injamena ta tuna min da da. Mu a ƙauye hanyar da muka sani ita ce wadda Sodekoton ke karkarewa kafin kasuwar auduga don motocinta su shiga su kwashi kaya. Kamfanin yana nan tun 1974, hedkwatarsa a Garwa, kuma ya san idan hanya ta mutu audugarsa ce za ta kwana a daji. Mai kaya shi ke gyara hanyar kayansa. Sauran kuwa gayya muke yi. Kafin ruwan farko jauro ya sa a yi shela, kowane gida namiji ɗaya da fartanya ko diga, mata su kawo kunu, kafin azahar an yashe lambatu. Ba a taɓa tambayar ina kuɗi suka shiga ba don babu kuɗin. Ku 'yan sabuwar unguwa ba ku san juna ba, wannan Bahaushe, wannan Bafulatani, wannan Tupuri, wannan Gidar, kowa daga inda ya fito, shi ya sa komai sai kuɗi.

Yar_Haya:
Baba, mu 'yan haya fa? A unguwarmu mai gida yana Duwala, kwamiti suka zo ni suka kama. Na biya don kunya, na ce a cire a kuɗin haya, mai gida ya ce bai san zancen ba.

Dalibin_Shari'a_Ngaundere:
Idan a kan fili aka sa kuɗin, na mai fili ne. Nan gaba kada ki biya sai kin kira shi a gabansu ya amsa.

Mai_Moto_Pitowa:
Ku yi haƙuri in dawo da ku kan igiyar nan, don ni ina bin hanyar da fasinja. Malam Sakatare, ka san yaran da kuka sa a wurin sun fara karɓar 100 a hannun 'yan moto? Ba su da rasit, ba su da riga. Kuma da magariba igiyar ba ta ganuwa, ko tsumma ba a ɗaura mata ba. Ranar da ta shaƙe wuyan wani, jandarmomi ba za su tambayi wanda bai biya kuɗin hanya ba, wanda ya ɗaure igiya za su nema.

Sakataren_Unguwa:
Kuɗin 'yan moto ba da sanin kwamiti ba ne, kuma yau zan je wurin da kaina. Cire igiya kuwa ba ni kaɗai ke yankewa ba. Akwai waɗanda suka biya sau biyu suna kallon masu filaye ashirin-ashirin da ba su ba da ko sisi ba, idan na ce a cire su ma za su ce sun daina. Ku gaya min, mutumin da ke Yawunde, lambarsa ma ba mu da ita, ta yaya za mu same shi in ba ranar da ya kawo kaya ba?

Baffa_Lagdo:
Ta wurin jauro. Duk wanda zai sayar ko zai fara gini sai ya bi ta wurinsa. A rubuta bashin a kan filin, ranar da ya zo neman sa hannu a tuna masa.

Dalibin_Shari'a_Ngaundere:
Baffa, wannan ma ba shi da ƙafa a doka idan mutumin bai taɓa yarda ba. Tunatarwa ce kawai za ta zama.

Ummu_Halifa:
Na gode ƙwarai, na karanta duka. Malam Sakatare, ban ce kun ci kuɗi ba, kuma labarin matar nan ya taɓa ni, ni ma na haihu na san abin. Ga inda na tsaya. Idan za a sa kuɗin a kwarin nan kamar yadda Injiniya ya ce, a manna lissafin bara, a ba ni rasit, zan kawo 5,000 a matsayin mai kango, kuma ranar gayya babban ɗana zai zo da shebur. Ranar da na tare in biya cikakke. Amma 20,000 daidai da mai ben uku, ba zan iya ba, kuma ban ga adalcinsa ba.

Dan_Yelwa:
Hajiya idan kowane mai kango ya ce 5,000, kuma su ne suka fi yawa, kuɗin bis ɗin ma ba zai taru ba. Nan fa matsalar take.

Mai_Shago_Gidar:
Zai taru idan ben ta biya kowane sawu. Ku ƙirga sawun da ke shiga a rana ɗaya ta rani ku gani.

Sakataren_Unguwa:
Za mu zauna ranar Lahadi bayan la'asar, don masu zuwa coci su ma su samu. Zan kai maganar rabawa gida uku da ta kuɗin sawu, amma ban yi alkawarin za su yarda ba, musamman waɗanda suka riga suka biya 20,000. Hajiya ki zo ko ki turo wakili. Injiniya, bis mai faɗin nawa ya kamata mu tambaya kuɗinsa?

Injiniya_Benuwe:
Ba zan faɗa daga nan ba sai an ga yawan ruwan. Ku je kwarin ku duba alamar da ruwan bara ya bari a jikin katangu da itatuwa, ku auna tsayinta daga ƙasa da faɗin kwarin, ku turo min hoto. Idan ruwan ya wuce ƙugu, bis ɗaya na santimita 80 ba zai ɗauka ba, radiye za ku yi, kuma kuɗinsa daban ne. Kada ku karɓi kuɗin kowa a kan adadi kafin a yi wannan awon.